Hunturun Manchesta: Gidajen da Ruwa Ke Ɗumamawa

Uwargida, idan zaman jegon 'yarki ya kai ki Manchesta ta ƙasar Ingila a watan Disamba, za ki tarar rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. Ga yawan yayyafi, wata safiyar kuma ki ga raɓa ta daskare a gilashin mota. Amma ki shiga ɗaya daga cikin gidajen jan bulo da ke jere manne da juna a unguwar Rusholme ko Longsight, ɗumi ne zai tarbe ki, alhali babu murhu, babu kasko.

Sirrin yana jikin wani farin akwati da ke maƙale a bango, galibi a kicin, ana ce masa boila. A cikinsa iskar gas ke ci da wuta tana zafafa ruwa, hayaƙin kuma ya bi bututu ya fice waje. Wani ɗan famfo ne ke tura ruwan ta siraran bututai zuwa faffaɗan ƙarfen da ke jikin bangon kowane ɗaki, mai aiki irin na lagireton mota. Ƙarfen ya yi zafi, ya ɗumama iskar ɗakin, ruwan da ya huce ya koma boila a sake zafafa shi. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye. Akwai kuma ma'aunin zafi: da zarar gida ya kai ɗumin da aka saita, sai ya kashe wutar da kansa. A gidaje da yawa wannan boilar ce za ta ba ki ruwan wankan jego.

To, a nan ne sabon gida kan yi wa mutum illa. Tagogin can gilashi biyu ne, iska ba ta ratsawa. Kada ki kuskura ki hura gawayi a ciki, ko don jin ɗumi ko don turaren wuta. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci. Ki nemi kaskon turare na lantarki, ki kuma tambaya ko ƙararrawar gano wannan iska tana aiki.

Sai batun jariri. Mun saba da naɗe shi da hula da bargo, amma masana lafiya a can suna ba da shawarar ɗakin barcinsa ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 20, a cire masa hula in zai kwanta, gadonsa kuma ya yi nesa da ƙarfen. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. In kin ji gumi, ki rage masa kaya.

Allah ya raya, ya dawo mana da ke lafiya.