Jarrabawar Auta

Saura mako shida a yi jarrabawa Auta ta dawo gida Ambursa da jakar takardu, ta ce a nan za ta yi bita. Digiri na biyu take yi a fannin gwajin ji a wata jami'a a kudu. Kafin a sallame ta sai ta zauna jarrabawa guda da ta haɗe duk abin da aka koya mata: ta rubuta, ta amsa da baki gaban malamai, sannan a kawo mata majinyaci ta gwada shi ana kallo.

Mu yayyenta biyu, da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta, muka ɗauki abin wasa. A aikinmu in gwaji ya faɗi, gyarawa muke yi mu sake dannawa, ko sau ashirin a yini. Muka ce duk wannan tsanani na mene ne, ai ba tiyata ba ce.

Don mu taimaka, ko dai don mu nuna iyawa, muka haɗa mata 'yar manhaja a waya mai fitar da sauti daga Haz 250 zuwa 8000, kamar yadda ake yi a asibiti. Ta saurara ta ce, "Sannunku da ƙoƙari, Yaya. To wa ya auna muku ƙarfin sautin?" Ba mu da amsa. Ta ƙara mana da abin da ya fi ba ta tsoro a jarrabawar: sauti in ya yi ƙarfi yana bi ta ƙashin kai ya isa ɗaya kunnen, sai lafiyayyen ya riƙa amsa wa mara lafiyan. Dole a shagaltar da shi da wata ƙara daidai gwargwado. In ka yi kuskure a nan, ka rubuta wa kurman kunne lafiya.

Duk da haka ta yi bita da wayar, da dare bayan an kashe janareta. Kowa a gidan sai da ya zauna mata a kan tabarma yana ɗaga hannu. Har aka zo kan Baba.

Baba ya shekara fiye da ashirin a bakin injin casar shinkafa. Mun daɗe muna cewa a tsakaninmu abin da ya ga dama yake ji. A ƙananan sautuka ya ɗaga hannu. Da aka kai 4000 sai ya zauna yana jira, mu kuwa muna jin sautin na fita daga abin kunnen. Ya dube ta ya ce, "Kin hwara?"

Auta ta ce waya ba abin dogaro ba ce, amma wannan alama ta san ta: ƙarar inji daga nan take fara cin kunne. Muryarmu tana isa gare shi, su "s" da "sh" da "ts" ne ke zubewa a hanya. Shekaru muna ɗaga masa murya da fushi.

Akwai abin da ba mu zaci malamanta za su tambaya ba, kuma a ganinmu ya kamata. Jerin kalmomin da ta haddace don gwada fahimtar magana duk na Turanci ne, Baba kuwa bai ji. Ta kwana biyu tana zaɓen kalmomin Hausa masu gaɓa biyu, tana soke irin su wuya da gari, waɗanda karin murya ko tsayin wasali ke sauya musu ma'ana.

Ranar da za ta koma ta rubuta mana sunan Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ta ce mu kai shi a gwada da na'urar gaske. Kafin nan mu riƙa fuskantarsa in za mu yi magana, mu daina ihu. Mun sa ranar tafiya bayan girbi. Ita kuma jibi za ta shiga ta baki.