Filashin Da Ban Taɓa Gwadawa Ba



Ina babi na 23 na littafina rumbun ajiyar kwamfutata ya mutu. Ban damu sosai ba, domin na ɗauki cikakken kwafin kwamfutar a wani rumbu na waje, kuma na tanadi filashin da ake tayar da ita da shi idan Windows ta ƙi tashi. Mai gyara ya sa min sabon rumbu, na dawo gida, na soka filashin. Shiru. Kwamfuta ba ta ma san da shi ba.

Nan fa zufa ta karyo min. Sai da na kira wani abokina ya duba, ya ce filashin yana kan tsarin NTFS, alhali yawancin kwamfutocin yanzu masu UEFI sun fi gane FAT32 wajen tashi. Muka sake haɗa shi a kwamfutarsa, ya tashi.

Sai kuma aka ce babu kwafi a rumbun. Ashe ni na jawo: garin tsara fayiloli na tura jakar WindowsImageBackup cikin wata jaka, ita kuwa Windows a farkon rumbu take neman ta. Muka mayar da ita, littafina ya dawo, ban da shafukan mako biyu da ban kwafa ba.

Shekara biyu filashin nan yana cikin durowa ban gwada shi ba ko sau ɗaya. Don Allah, wanda yake da irinsa ya gwada a daren nan, tun kwamfutarsa tana da lafiya.