Idon da Ke Shiga Babu Sallama

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta (SAW), ya kai mai karatu, ɗalibi ne kai ko uba, a wannan fitowa zan ba ka labarin wani kuskure da na tafka da kaina, la'alla ka tsira daga irinsa.

A hunturun 2023 na jagoranci 'yan aji shida zuwa Tafkin Nguru da ke Jihar Yobe, domin su ga da idonsu abin da muke karantawa na ayoyin Allah a cikin halittunsa. Na gayyaci wani tsohon ɗalibina mai sana'ar ɗaukar bidiyo a bukukuwa da walimar sauka. Yana da ɗan jirgin nan maras matuƙi mai ɗauke da kyamara, wanda yara ke kira duron. Burina mu dawo da hoton da za a nuna wa iyaye ranar taro.

Mun isa da hantsi. Wallahi ban taɓa ganin tsuntsaye da yawa haka ba: ga kirinjijiya, ga ɗinya, ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ga wasu ƙananan agwagi da ban san sunansu ba, kowa na kiwonsa. Sai yaron ya ce, "Malam, in tashe shi?" Na ce, "Tashe shi mana." Jirgi ya tashi yana ƙugi kamar taron ƙudan zuma. Na ce ya sassauto da shi domin hoton ya fito sosai. Yana sassautowa sai wurin ya hargitse, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya suna kuka. Yara suka ɗauki kabbara, ni ma ina ta murna.

Can sai ga wani dattijo masunci ya turo kwalekwalensa bakin gaɓa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, kai ne babbansu?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "To, baƙi kuka kora. Waɗancan ƙananan daga nesa suke, abinci suka zo nema." Na ce, "Ai ba mu taɓa ko ɗaya ba, Baba, hoto kawai muka ɗauka." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, in shirwa ta yi shawagi a kan gidanka, sai ta ɗauki ɗan tsako sannan kaza ke ɗimaucewa?"

Na rasa ta cewa. Kunya ta kama ni a gaban ɗalibaina, domin ni ne na karantar da su hadisin da ke cikin Sunan Abi Dawud, inda wasu sahabbai a halin tafiya suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana ta fuffuka, Annabi (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa, ya sa aka mayar mata da su. Ni ne kuma na koya musu cewa a Haramin Makka, ban da hana farauta, ko korar dabbar dawa ba a yi. Ashe na san karatun, aikinsa ne ban gane ba da ya zo mini da sabuwar kama.

Da na dawo gida na bincika, na tarar gaskiyar Baba ce. Da yawan tsuntsayen fadamun Haɗeja da Nguru daga Turai suke zuwa, su ƙetaro hamadar Sahara su yi hunturu a nan, sannan su koma. Kitsen da suka tara a wurinmu shi ne guzurinsu. Duk tashin da aka sa su yi a firgice, guzurin ake ragewa. Saboda muhimmancin wurin ne a shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru cikin dausayoyin da duniya ke kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, kuma shi ne na farko a Nijeriya.

Ɓarnar ma takan wuce haka. A watan Mayun 2021, a wani keɓaɓɓen dausayi mai suna Bolsa Chica da ke Kalifoniya ta Amurka, irin wannan jirgi ya faɗo a tsakiyar tsuntsayen teku masu kwanci. Suka watse, suka bar ƙwai fiye da 1,500, ba su komo ba. A 2015 kuma masu bincike a Minesota sun auna bugun zuciyar dabbar nan da Larabawa ke kira dubbu, suka ga yana ƙaruwa ƙwarai in jirgin ya gilma ta samanta, alhali sau da yawa ko motsawa ba ta yi. Ka ga ke nan shirun dabba ba ya nufin tana cikin natsuwa.

Keɓe wuri domin maslaha ba baƙon abu ba ne gare mu. Hima ake ce masa a fiƙihu, mu kuma muna da hurumi. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u a yankin Madina, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza. Don haka in hukuma ta sa doka a kan gandun daji irin su Yankari, bin ta wajibi ne. Amurka ta hana tashin waɗannan jirage a gandayen dajinta na ƙasa a 2014. A Nijeriya ma, a 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta shar'anta neman izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ni kuwa ran nan ban tambayi kowa ba.

Kada ka ce Malam ya haramta duron. Kayan aiki ne, kamar wuƙa. Masu kula da namun daji ma suna amfani da shi wajen ƙidayar dabbobi da sa ido kan mafarauta, amma da izini da ilimi. Nasihata ita ce: na farko, ka nemi izinin masu kula da wurin, in an hana ka haƙura. Na biyu, in an ba ka, ka tashe shi daga nesa, ka bar shi can sama, kada ka nufi dabba kai tsaye ko ka bi ta. Na uku, ka nisanci sheƙa da wurin kwanci da mashaya. In ka ga sun daina kiwo sun ɗaga kai, to ka riga ka matsa da yawa, sai ka janye.

Ɗalibai, kun haddace ladubban neman izini a Suratun Nur, kun kuma san an shar'anta shi ne domin kiyaye ido. Wannan jirgi ido ne da ke shiga babu sallama, Suratul An'am kuwa, aya ta 38, ta sanar da mu cewa tsuntsaye al'umma ce irinmu. Iyaye, kafin ku saya wa yaro wannan abu, ku fara koya masa ladabinsa.

Bidiyon nan ranar taro ban nuna shi ba. Na miƙe ne na ba iyaye labarin Baba masunci. Allah Ya saka masa da alheri, Ya yafe mana kurakuranmu, Ya sa mu zama masu tausayin halittunsa, amin.