Dutsen da Ya Faɗo daga Sama

A Dangoma da ƙauyukan Kalgo, duk dutsen da kamanninsa suka zame mana baƙi mukan kira shi gatarin aradu, mu wuce. A ganina, wannan wucewa asara ce.

A ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina. Masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya zo, domin iskar da ke kulle cikinsa irin ta can ce. Masu tara irinsa da giram suke sayensa. Wani da aka tsinta a yankin Agadas a 2023 an sayar da shi a Amurka a 2025 kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike.

Alamun farko su ne baƙin ɓawo kamar ƙonanne da nauyin da ya wuce girmansa, kuma maganaɗisu yakan ja mafi yawansu. Sai dai ɗakin gwaji ke yanke hukunci, sannan rubuta wuri da ranar tsintuwa yana ƙara masa daraja. Malamin gobe, sanar da ɗalibinka wannan, kada dillali ya raba shi da dukiya a kan kuɗin goro.