A Ɗan Matsa, Mutum Ɗaya Ne

Ku matso kusa, maganar ta mu-ya-mu ce, ba na son a kai ta cikin gida a ce na hana mata zuwa biki. Malam, ajiye wayar nan tukuna. Damina ta kankama, kogin da ya ratsa Wudil ya gangara ta ƙasar Ajingi zuwa Ringim da Haɗeja ya fara kawowa, kuma kun sani ba ruwan sama kaɗai ke cika shi ba, har da wanda ake saki daga madatsun Tiga da Challawa. Mu kuwa a nan Kademi mutanen tudu ne. A cikinmu nan wa ya iya iyo? Ka gani, shiru. Amma mu ne kan gaba wajen zuba iyali a kwale-kwale idan suna ko ɗaurin aure ya kama a hayi.

Ƙaninmu da ya yi karatu a Indiya ne ya tayar mini da zancen. Ya ce a jihar Gujarat, yammacin ƙasar, har gobe ana ba da labarin wani jirgin ruwa mai suna Vaitarna, wanda mutane suka laƙaba wa Vijli, wato lantarki, saboda ƙwayayen wutar da aka ƙawata shi da su a zamanin da lantarki abin kallo ne. Ranar 8 ga Nuwamba 1888 ya taso daga Mandvi zai tafi Bombay, guguwa ta same shi a teku, ya ɓace da mutum fiye da 700. Ko katako ɗaya ba a tsinta ba. Su wa ke ciki? 'Yan rakiyar aure, da ɗalibai masu zuwa jarrabawa. Mutanen wajen har waƙar makoki suka yi masa.

Da ya kai nan sai jikina ya yi sanyi, don labarin Bagwai kenan. A 2008 masu kai amarya ne ruwan dam ɗin Watari ya ci. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kuma 'yan Islamiyya ne, sun taso daga Badau za su Maulidi, kwale-kwalen ya kife, aka rasa rai 29, yawancinsu yara. Yaran da aka yi wa wanka aka sa musu sababbin kaya.

Na ji ka, Yaya, ƙaddara ce, kuma wanda ruwa ya ci muna kyautata masa zaton shahada. Ban musa ba, Allah Ya jiƙansu. Sai dai jirgin Indiyawa guguwar teku ce ta haɗiye shi, ba su da ta cewa. Namu fa? Ruwa kwance, ana hango gaɓa. Lodi ne. Jirgin mutum ashirin a zuba masa ninki, a ɗora babur, a ɗora buhunan hatsi, har bakin jirgin ya kusa shafar ruwa. Daga nan mutum ɗaya ya miƙe tsaye don tsoro, sauran su karkata gefe guda, shi kenan. Wanda ya iya iyo ma sai a rirriƙe shi a nutse tare. Su kansu mutanen Gujarat sun sha irin wannan: a Janairun 2024, a tafkin Harni da ke Vadodara, 'yan makaranta 12 da malamai 2 suka rasu a jirgin shaƙatawa da aka cika fiye da kima, ba kowa ke da rigar ruwa ba.

Ga abin da ya sa na ce a rage murya. Kullum mai fito muke zagi, mu ce kwaɗayin kuɗi ne. Akwai kwaɗayin, gaskiya. Amma ku tuna yadda muke yi a mashigi. Mai jirgi ya ce ya cika, sai a ji, "Haba Sarkin Ruwa, a ɗan matsa, mutum ɗaya ne." Mutum ɗayan nan da goyo ya zo, da yara uku. Idan ya ƙi a ce ba shi da mutunci, a tuna masa da wane ne uban amarya. Uwargida ta rantse ba za a raba ta da ayarinsu ba, wai kada a riga ta shiga gidan biki. Ga magariba ta kawo jiki, kowa na son sawu ɗaya ya kwashe kowa. Ni dai ban taɓa ganin fasinjan da ya sauka da kansa don jirgi ya yi nauyi ba. Kai ka gani, Alhaji?

Hukuma tana da nata kason. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ruwa, amma wa ke tsaye a ƙananan mashigai yana dubawa? Bayan na Bagwai na 2021 gwamnatin Kano ta dakatar da fito a wajen na ɗan lokaci. Na Wara a jihar Kebbi, Mayun 2021, da na Patigi a Kwara, Yunin 2023, inda masu dawowa daga biki fiye da 100 suka rasu, duk an yi ta'aziyya an wuce. Gada da jirage masu kyau za mu ci gaba da roƙo, wannan haƙƙinmu ne, sai dai kafin su iso yaran namu ne a cikin jirgin.

Don haka ga abin da nake so mu ɗauka a majalisar nan. Duk wanda iyalinsa za su haye ruwa bana, ya raka su har mashigi, ya ga jirgin da idonsa. Idan ya cika a jira sawu na biyu, ko da kai za ka biya kuɗin guraben da ba kowa. Idan rana ta faɗi a kwana a can, gidan 'yan'uwa ne. Idan kogi ya yi ƙarfi a zagaya ta gadar Wudil, a sha tsadar mai. Malam, kai ke kusa da liman, don Allah ka roƙe shi ya taɓo zancen a huɗubar Juma'a mai zuwa, malaman Islamiyya su ji.