Wasiƙa zuwa ga ƙanena kan kumburin ƙafar Baba

Sani,

Na ga takardar gwajin Baba da ka turo. Abin da likita ya zagaye da biro shi ne albumin, furotin ɗin da hanta ke haɗawa ta zuba cikin jini. Na mai lafiya yakan kama daga 3.5 zuwa 5, na Baba kuwa 2.4 ne.

Albumin ɗin ne ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. Idan ya yi ƙasa, sai ruwan ya tsiyaye ya taru a ƙafa, ko a ciki, wani lokaci har fuska. Abin da ya hana takalmin Baba shiga ke nan. Danna ƙwaurinsa da babban yatsa ka ɗaga, za ka ga gurbin ya zauna. Kasalar da yake kuka da ita da ramar damatsansa ba sa rasa nasaba da wannan.

Ka ce kana ta saya masa tsire da ƙwai. Allah ya saka, amma ba a cika tulu mai yoyo sai an gano inda ya huje. Ba na jin rashin abinci ne, mutumin da ba ya rabuwa da wake da nono. Ko dai hantar ce ta gaza, musamman da yake ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a wajenmu, ko kuma ƙoda ce ke zubar da furotin a fitsari. Ni ƙodar na fi zargi, saboda sugan da ya daɗe yana fama da shi. Fitsarinsa yana kumfar da ba ta saurin bajewa? Yana tashi da safe fatar idonsa a kumbure? Kunya ba za ta bar shi ya gaya maka ba, Inna za ka tambaya.

Ku koma asibiti a gwada fitsari da ƙoda da hanta. Kafin nan a rage masa gishiri da dunƙulen miya, a daina saya masa diclofenac a kemis, yana lahanta ƙoda. Na ji Gwaggo na maganar jiƙo da kiran wanzami. Don Allah ka lallashe ta, mai suga da kumburi in aka tsaga shi, ciwon ba ya saurin warkewa.

Da zarar sakamako ya fito ka kira ni, ko da dare ne. A gaida Inna, a yi wa Baba sannu.

Yayarka,
Binta