Dutsen Kufena da Abin da Ya Tsayar da Shi

Duk wanda ya taso daga Saulawa ta ƙasar Ikara ya nufi Zariya, idonsa zai saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gonakin dawa da masara da fadamun rake. Sai ya kusanci birni sannan zai hangi Dutsen Kufena daga yamma, kusa da Wusasa, tsaye tsirara ba tare da jerin tsaunuka a bayansa ba.

Haƙiƙa Kufena ba ya cikin manyan tsaunukan duniya. Ko a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mai tsawon mita 2,419, ya kere shi nesa ba kusa ba. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kwarjinin Kufena daga kaɗaitarsa ya samo shi.

Masana ilimin ƙasa sun bayyana cewa irin wannan dutse a can cikin ƙasa ya narke ya daskare, fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke lulluɓe da shi, har mai taushi ya tafi, mai tauri ya saura. Watau ƙasar da ke kewaye ce ta yi ƙasa, ta bar shi a fili. Har yanzu zafin rana da sanyin dare suna sa bayansa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, gwarmazan duwatsu suna taruwa a gindinsa. Da damina ruwa kan kwanta cikin kwarmin fa, itatuwa kuma su kafa saiwa cikin tsagogi.

Wannan ruwa da wannan mafaka su suka jawo mutanen da suka zauna gindinsa tun kafin birnin Zariya ya bunƙasa. Ragowar ganuwarsu tana nan tana ba da shaida.

To, abin tsoro shi ne yadda ake fasa duwatsun ƙasar Hausa da nakiya, ana sayar da tsakuwa mota-mota. Wanda ya sare kuka yana iya dasa wata, jikokinsa su sha inuwa. Dutse kuwa ba shi da iri. Saboda haka ya wajaba ɗalibai da malamai su tattara sunaye da labaran duwatsun garuruwansu, hukuma kuma ta keɓe irin su Kufena tun guduma ba ta kai gare su ba.